Tiyon da ya kafe: yadda garejin Yamai ke zaɓen kayan aiki

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Yamai kan haura digiri 40, motar da ruwa ya tafasa a cikinta ce ke cika bakin gareji. Tasi masu jan kai, galibinsu tsofaffin Toyota Starlet da Corolla, da faba-faba masu jigilar unguwanni, duk ciwonsu ɗaya. Ko lagireto za a sauke, ko famfon ruwa za a canja, sai an fara cire tiyo. Shi kuwa tiyon da ya shekara goma a wuyan lagireto ba ya fita da daɗin rai.

Dalilin kafewarsa sananne ne. Ruwan da ke bi ta cikinsa yana kai digiri 80 zuwa 90, marfin lagireto na riƙe da matsin da ya kai kusan bar 1, ga zoben ƙarfe ya shaƙe bakinsa dare da rana. A hankali robar kan gasu ta manne. A Yamai akwai ƙari: direbobi da yawa ruwan famfo suke ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Sai tsatsa da wani farin datti su taru tsakanin roba da wuya, su like su gam.

Abin da hannu ya saba ɗauka a nan shi ne sukudireba mai faɗin baki. A cusa ta ƙarƙashin leɓen tiyo, a banƙara, a ja. Wannan ɗabi'a tana da asali, kuma a zamaninta ba ta da laifi. Manyan makanikan yau a kan Peugeot 404 da 504 suka koyi aiki, ko kuma a hannun waɗanda suka koya a kansu. 504 ɗin ma a Kaduna aka riƙa harhaɗa ta daga 1975, kayanta kuwa a lokacin ba sa wuyar samu a ƙasar Hausa. Lagireton waɗannan motoci na tagulla ne. In wuyansa ya lotsa a buga shi ya miƙe, in ya tsage mai gyaran lagireto ya like shi da dalma, mota ta koma hanya a ranar. Amma tun daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka karkata ga lagireton alminiyom mai tankin filastik, kuma su ne ke cikin motocin da suka gama aiki a Turai kafin su iso mana. Filastik ɗin da ya sha zafi shekara da shekaru ba ya lotsawa, karyewa yake yi, dalma kuma ba ta kama shi. Mota ta canja, hannu bai canja ba.

Za a ce, to me ya hana a yanke tiyon a huta? Kuɗi ne. Tiyon lagireto a lanƙwashe ake ƙera shi daidai da kowace mota, ba a yanko shi daga naɗi. Samun irinsa kan sa a aika yaro ya yini yana kewaya kasuwar Ferraille, wani lokaci ya dawo da na hannu wanda bai fi na farkon ƙuruciya ba. Da iyakar Benin ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso, farashi ya bi su. Makaniken da ke ƙoƙarin ceto tiyo tausayin aljihun mai tasi yake yi, ina kuma ganin mutuncinsa a kan haka. Sai dai tiyo bai kai lagireto tsada ba ko kusa, kuma sau da yawa garin neman gira ake rasa ido.

Saboda haka tambayar da ke gaban zaɓen kayan aiki ita ce: wanne za a ceta, tiyo ko wuya? A matsa tiyon da yatsu. In ya yi tauri yana ƙara, ko ya yi laushi ya kumbura kusa da zobe, ko bakinsa ya faffashe, ya gama yayinsa. Reza ce maganinsa. Yankan ma da ƙa'ida. A tsaga shi a tsaye, sama-sama, a ɓare ragowar da hannu, don in kaifin ya ja layi a jikin wuyan, ta wannan layin ruwa zai riƙa tsiyaya ƙarƙashin sabon tiyo komai matsin zobe. Ƙananan bututun na'urar ɗumama mota, waɗanda ke leƙowa daga bangon bayan inji, su kam a ganina kullum yanka ya dace da tiyonsu. Sirara ne ƙwarai, kuma in ɗaya ya karye sai an kwance gaban mota ta ciki kafin a kai gare shi.

In tiyon na da sauran rai, aikin na haƙuri ne. Inji ya huce tukuna, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da an buɗe masa ƙofa zai yi tsartuwa a fuska. A matse kunnuwan zobe da filaya a janye shi baya. A naɗe tiyon da tsumma, a murɗa dama da hagu har a ji ɗan ƙas, alamar mannewar ta saki. Ja ba ya taimako: akwai saƙar zare a cikin robar, in an ja ta sai ta ƙara tsukewa a wuyan, shi ya sa tura leɓen daga baya ya fi. Idan murɗa ta gaza, sai ƙugiya, siririn ƙarfe mai lanƙwasa da dakusasshen baki. A zura ta tsakanin roba da wuya, a zagaya da ita a hankali, ana ɗiga ruwan sabulu a gurbin da ta buɗe. Ban da baƙin mai ko fetur, waɗanda na sha ganin ana shafawa. Irin robar tiyon ruwa tana jure zafi amma mai na kumbura ta, ta ruɓe bayan 'yan watanni.

Zoben ma ana zaluntarsa. Na asali mai tsuke kansa yana bin roba duk sa'ad da ta motse, amma don yana wahalar kamawa sai a jefar da shi, a ɗaure da waya ko a sa mai kusa a ɗaure har wuyan ya yi tsagar da ido ba ya gani.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake ba aikin. Cire tiyo ba a ɗauke shi sana'a ba, ƙaramin yaron gareji ake turawa: "Kai, cire mini wannan kafin in zo." Yaron yana tsoron a ce ya yi nawa, hannunsa kuma bai san bambancin tagulla da filastik ba, abin da ke kusa da shi sukudireba ce. Maigida zai tsaya a kansa in ana ɗaure kan inji, amma a nan ba ya ko waiwaye. Tsagar kuwa ba lalle ta nuna a gareji ba. Sai an hau hanyar Dosso da rana tsaka, ruwa ya zube, inji ya ƙone.

Ƙugiyar ba sai an jira ta daga waje ba. Maƙeran Katako, da suka saba mai da tsohon ƙarfe abin amfani, suna iya gasa bakin matacciyar sukudireba su lanƙwasa shi, su goge tsinin da magagari har ya yi sumul. Guda biyu sun wadatar da gareji: gajera mai kauri don manyan tiyon lagireto, da doguwa siririya don waɗanda ke lungun bayan inji inda hannu ba ya shiga.