Gwanayen Saita Sauti a Manhajar Karanta Allo

Wanda ya zauna kusa da makahon da ya ƙware a kwamfuta zai ji abin da zai ɗaure masa kai. Muryar na'urar tana zuba da gudun da mai ido ba ya tsintar ko kalma ɗaya, a tsakani kuma ga wasu 'yan ƙararraki, wannan ya yi ƙit, wancan ya yi tsit, wani kuma yana hawa sama a hankali. Baƙo zai ɗauka hayaniya ce kawai. Mai kwamfutar kuwa shi ya zaɓi kowane sauti da hannunsa, ya san saƙon da yake ɗauke da shi, ya kuma kashe waɗanda ba su da amfani a gare shi.

Dalilin wannan aiki a fili yake. Ido yana ɗaukar shafi guda a kallo ɗaya, ya ga kanun labari, ya ga wurin latsawa, ya ga jan layin da ke ƙarƙashin kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Kunne kuwa abu ɗaya yake karɓa, sai ya wuce sannan na biyu ya shigo. Idan aka ce komai sai murya ta faɗe shi da kalmomi, mutum zai wuni yana jin "babban baƙi", "wurin latsawa", "kashi goma cikin ɗari", kafin ya isa ga abin da ya zo nema. Ɗan gajeren sauti yana isar da saƙon cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya katse karatu ba. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba: kalangun mahauta ba ya furta kalma, amma da an ji shi a kasuwa an san an yi yanka.

Masana sun daɗe da gane haka. A shekarun 1980 William Gaver ya gwada sa wa kwamfutar Apple sautuka irin na abubuwan yau da kullum, a 1989 kuma Meera Blattner da abokan aikinta suka yi rubutu kan gajerun sautukan da ake ƙirƙira don isar da saƙo. T. V. Raman, wanda shi kansa makaho ne, ya shigar da dabarar cikin manhajarsa ta Emacspeak a tsakiyar shekarun 1990. Amma inda talaka ya fi cin moriyarta shi ne NVDA, manhajar karanta allo ta Windows da Michael Curran ya fara a 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi. Su biyun makafi ne 'yan Ostareliya, kuma kyauta ake bayar da ita.

A NVDA, shafin intanet yana da yanayi biyu. A yanayin karatu, baƙaƙen madannai na tsalle ne: H ya kai ka kanu na gaba, T ya kai ka jadawali, F ya kai ka gurbin cike fom. A yanayin rubutu kuwa, H baƙi ne kawai da zai shiga gurbin. Wanda bai san yanayin da yake ciki ba, zai fara rubuta sunansa, ya tsinci kansa a can ƙasan shafi. Manhajar tana iya sanar da sauyin da kalmomi, tana kuma iya yin sa da sautuka biyu mabambanta. Gwani sautin yake zaɓa, domin a shafi guda yakan shiga ya fita sau da yawa, kunnensa kuma ya riga ya haddace bambancin.

Haka abin yake wurin sauke fayil. Maimakon murya ta riƙa katse shi da lissafi, sai ya saita ƙara mai hawa: tana farawa da kauri, tana ƙara siranta yayin da aikin ke kusantar ƙarshe. Yana karanta wasiƙarsa, gefen kunnensa na bin ƙarar. Idan ta tsaya wuri ɗaya, ya san intanet ta ɗauke. Babban baƙi ma zaɓi uku gare shi: a faɗa da baki, a yi ɗan ƙara, ko a ƙara wa muryar siranta, wadda a saitin asali takan ƙaru da kashi 30 cikin ɗari.

Abin da ya fi burge ni shi ne na masu rubuta manhaja. A yaren Python, yawan gurbin da aka bari a farkon layi yana sauya ma'anar aikin baki ɗaya. Mai ido yana ganin layukan sun shiga ciki sun fito. Makaho kan sa NVDA ta mayar da gurbin sauti: kowane gurbi ɗaya yana ɗaga sautin kaɗan, tsallen maɓallin Tab kuma daidai yake da gurbi huɗu. Yana gangarawa layi bayan layi, sautin na hawa yana sauka, da haka yake gane fasalin aikin. Akwai ma saitin da ke bin linzamin kwamfuta: sautin yana siranta idan ya yi sama, yana komawa kunnen hagu ko na dama gwargwadon inda ya nufa.

JAWS, wata manhajar karanta allo wadda Ted Henter ya ƙirƙira bayan ya rasa ganinsa a hatsarin mota, ta fito a Windows a 1995, kuma tana ba mutum damar haɗa tsarinsa na murya da sauti, ya ɗora wa kanu wani sauti, wurin latsawa wani. Sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne. VoiceOver na iPhone da TalkBack na Android su ma suna da nasu sautukan, har da jijjiga.

A ganina, ba a gane gwani da yawan abin da ya kunna. Sabon shiga yakan buɗe komai don murna, bayan ɗan lokaci kansa ya yi nauyi, sautukan su cakuɗe har ya daina bambance su. Gwani ragewa yake yi. Yakan bar ƙarar kuskuren rubutu a manhajar rubuta takarda, ya kashe ta a wurin hira da abokai, domin NVDA tana yarda a ware wa kowace manhaja saitinta. Yakan rage ƙarfin sautukan su zauna a ƙasan murya. Idan yana sauraron bidiyo, ya sa manhajar ta riƙa dusashe shi duk lokacin da za ta yi magana. Tun 2024 kuma ana iya raba kunnuwa, muryar NVDA a ɗaya, taron da ake yi ta intanet a ɗayan.

Saiti irin wannan ba a rana ɗaya ake gina shi ba, shi ya sa da yawa suke yawo da NVDA a filas, da saitinsu a ciki, su soka a duk kwamfutar da suka samu. Don haka, malaman kwamfuta da 'yan uwa da abokan aiki, idan makaho ya ba ku aron na'urarsa, ko ya kawo gyara, kada ku kashe masa sautukan don sun dame ku, kada kuma ku mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani. Ku tambaye shi tukuna.