Bege Da Tafiya A Cikin Daliyyar Shehu Usmanu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗalibi, ƙasidar da aka yi wa fassarar ajami a gefen waɗannan shafuka ita ce Daliyyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817), Allah ya jiƙan sa. Ya tsara ta da Larabci a bahrin Kamil, a shekara ta 1188 bayan hijira, yana ɗan shekara 20. Mu a nan Diffa da bakin Komadugu mun fi sanin ta da rerawa. Amma wanda ya rera bai duba gininta ba, rabin ribarta ya samu.

Fa'ida ta farko, mabuɗi. Al'adar Larabawa ita ce mawaƙi ya buɗe da ambaton masoyiya da kufan gidanta, sa'an nan raƙuma da wahalar hanya, sa'an nan ya isa ga wanda yake yabo. Haka Ka'abu ɗan Zuhairu ya yi a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ba a tsawata masa ba. Busiri ma ya buɗe Burda da hawayen mai so. Saboda haka wanda yake ƙyamar lafazin so a waƙar malamai ba shi da hujja. Shehu kuwa ya ajiye wannan share fage duka, ya buɗe da tambaya, ko zai sami hanyar Madina. Masoyi da abin yabo sun zama ɗaya tun baitin farko, babu buƙatar tsani.

Fa'ida ta biyu, amsa-amo. Baitocin suna ƙarewa da sunan Annabi. Masana aruli suna ƙirga maimaita kalma ɗaya a ƙafiya cikin aibobin waƙa, suna kiran sa iɗa'i, sai dai sun yi rangwame ga sunan da harshe yake jin daɗin nanatawa. A nan maimaitawar ita ce ma'anar. Duk inda baiti ya nufa, ko kuka, ko yabo, ko roƙo, a ƙofa ɗaya yake durƙusawa, kamar yadda zuciyar mai bege take yi.

Fa'ida ta uku, tafiya. A nan ne ƙasidar ta saɓa wa ƴan'uwanta. Mawaƙin Larabawa yana kan raƙumarsa yana ratsa hamada. Shehu shi ne wanda ayari ya tafi ya bari. Wannan kuwa ba adon magana ba ne. Ƙanensa Abdullahi ya ruwaito cewa Shehu ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas, malamin ya wuce hajji, ya mayar da shi gida domin mahaifinsa bai yi masa izini ba. Har ya rasu bai ga Makka da Madina ba.

Mutanen wannan kwari sun san nauyin wannan magana. Birnin Gazargamu, fadar sarakunan Barno har 1808, yana kusa da wannan kogi, kuma ta Barno alhazan ƙasar Hausa suke bi a ƙafa, su ratsa Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya. Wani shekaru yake yi yana noma yana gaba, wani a Sudan ya zauna, wani kabarinsa yana hanya. Kakanninmu da suka ji baitin wanda aka bari, fuskokin da suka sani suke gani.

Tanbihi. Tun 2015, da fitina ta taɓa Boso da Diffa, mun ga samarin da aka ruɗa da sunan son addini, suka bar allo da iyaye suka shiga daji. Ga saurayi mai shekara 20, begensa ya fi nasu zafi, amma da malami ya ce koma, ya koma. Son da ba ya jin tsawa, son zuciya ne. Bege na gaskiya yana zama haƙuri da biyayya da koyi da sunna, shi ya sa wanda bai je ba ya bar mana baitocin da masu zuwa suke rerawa a hanya.

Ka karanta ta a hankali, ka tsaya a ƙarshen kowane baiti ka yi salati. Allah ne mafi sani.