Aikin Katharine Davis: gidan kaso ko makaranta?

Yau za mu auna aikin wata mace ta ƙasar Amurka, mai suna Katharine Davis. An haife ta a 1860, ta rasu a 1935.

Uwayenta ba su da kuɗin kai ta babbar makaranta. Ta yi shekara goma tana koyarwa, tana tara kuɗi, sannan ta koma karatu. A 1900, tana da shekara 40, ta samu digirin dakta a birnin Shikago.

A 1901 aka ba ta riƙon gidan kason mata na Bedford, kusa da birnin Niyu Yok. A ganinta, mai laifi gyara take bukata. Saboda haka ta buɗe aji, matan suna koyon karatu da rubutu. Suna noma a gona, suna koyon ɗinki da girki. A 1914 aka naɗa ta shugabar gidajen kason birnin duka. Ita ce mace ta farko da ta riƙe babban muƙami irin wannan a Niyu Yok. Ta hana a sa wa ƴan kaso tufafi masu ratsi-ratsi na kunyatarwa. A nan ta cancanci yabo.

Amma akwai wuri biyu inda muke ganin ta yi kure. Na farko, a Bedford alƙali ba ya yanke ranar fita. Masu gidan ne ke duba halin mace, su sake ta ko su riƙe ta har shekara uku. Davis ta goyi bayan wannan tsari. To, wadda laifinta na ƴan watanni ne, sai ta iya share shekaru a kulle. Wa za ta kai wa kuka?

Na biyu, a 1912 aka kafa ɗakin awon hankalin matan, da kuɗin attajiri Rockefeller. Ana yi musu tambayoyi, wadda ta kasa sai a rubuta ta cikin masu raunin hankali. Alhali da yawansu ɗiyan talakawa ne, ba su daɗe a lakkwal ba. Ku da kuka kama alƙalami da furfura a kai, kun san rashin boko dabam, rashin hankali dabam.

Ajinta da gonarta abin koyi ne. Amma kowane ɗan kaso ya kamata ya san ranar fitarsa, kuma daga bakin alƙali. Ku tattauna wannan magana tsakaninku, ku rubuto mana ra'ayinku.