Bututun birki na jan ƙarfe da nikel: kai, wannan kaya ya yi!

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota yana kokawa da bututun birki na baƙin ƙarfe zai gane dalilin da ya sa nake ta zuzuta wannan bututu. A Ingila Cunifer ake ce masa, a Amurka kuma ana sayar da shi da sunan NiCopp. Tun da na sa shi a tsohuwar Corolla tawa, a ƙofar gida da hannuna, bakina bai huta da yabonsa ba.

Haɗin nasa kusan kashi 90 cikin ɗari jan ƙarfe ne, kashi 10 nikel, sai ɗan ɓurɓushin ƙarfe da manganis. Sirrin ke nan: tsatsa ba ta cinsa. Kamfanin Volvo ya koma amfani da shi tun 1976, domin a Suwidin gishiri ake watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara, gishirin kuwa yana cinye bututun ƙarfe har ya huje. Kada ka ce wannan matsalar Turawa ce. Motocin Kwatano da muke hawa, da yawansu daga irin waɗannan ƙasashe suka fito. Jiki sumul, ƙarƙashi kuwa sai wanda ya leƙa.

Amma abin da ya sace mini zuciya shi ne laushinsa. Allahu Akbar! Yana zuwa a naɗe, ƙafa 25, kaurinsa 3/16 na inci, wanda shi ne na yawancin ƙananan motoci. Ka ciro tsohon, ka shimfiɗe shi a ƙasa, ka ɗora sabon a gefensa kana bin kowace kwana da ’yan yatsu. Yana bin hannu kamar yumɓu a hannun maginin tukwane. Inda baƙin ƙarfe zai karye ko ya toshe, wannan sai ya lanƙwashe cikin ladabi.

Wajen buɗa bakinsa ma haka. Motocin Japan irin su Toyota baki mai ninki biyu suke so, na Turai kuma galibi mai kumburi, don haka ka dubi tsohon kafin ka fara. Ka yanka daidai, ka kankare cikin, ka zura noti tun kafin ka matsa (wannan kada ka manta, ɗan’uwa), sai ka ga baki ya fito tsaf. Da ka ɗaure shi da sifana mai rungumar noti, ya zauna ke nan, ko ɗigo babu.

Sauran aikin sananne ne. Mota ta hau matokara masu ƙarfi, kada jak kaɗai ya riƙe ta. Ka mayar da bututun cikin maƙalansa don kada ya riƙa gogar jikin mota. Ka zuba sabon man birki irin wanda aka rubuta a murfin tukunyar man, DOT 3 ko DOT 4, ka kiyaye kada ya taɓa fenti domin yana ɓata shi. Sannan a cire iska, yawanci daga tayar da ta fi nisa da masta silinda, wani na taka birki kana buɗe notin fitar da iska kana rufewa. Lokacin da feda ta yi tauri a ƙarƙashin ƙafata, wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Ya fi na ƙarfe tsada, gaskiya ne, kuma ya cancanci kuɗinsa har da ƙari. Roƙona ɗaya: kada wani ya sayar maka da bututun jan ƙarfe zalla na firji ko na AC ya ce duk ɗaya ne. Shi wancan, girgiza na sa shi ya tsage. Ka nemi mai nikel, kuma ka gwada birkin a hankali a cikin layi kafin ka ɗauki iyali ka hau babban titi.