Masu Koya wa Malami Yadda Zai Koyar da Tarihi

Sanin tarihi daban, iya koyar da shi ga yaro ɗan shekara takwas daban. Akwai mutumin da zai jero maka sarakunan Kano tun daga Bagauda bai yi tuntuɓe ba, amma a tsayar da shi gaban 'yan aji uku, kafin ya kai sarki na biyar rabin ajin ya fara gyangyaɗi. Mayar da mai sani ya zama mai iya koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, wadda ba a cika yi mata kirari ba. Masu ita su ne malaman kwalejojin ilimi da ke horar da waɗanda za su koyar da tarihi da ilimin zama ɗan ƙasa a firamare.

Horar da malamai tsohon aiki ne a Nijeriya. Don shi aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, kuma daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito suka riƙe alli kafin su riƙe mulki. Malam Aminu Kano ma ya koyar a kwalejin malamai ta Maru. Yau kwalejojin ilimi ne ke ɗauke da nauyin, suna ba da takardar shaidar malanta ta NCE bayan karatun shekara uku. Sai dai nauyin ya ƙaru, domin an cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a zangon karatu na 2009/2010. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a watan Nuwamba na 2022, sai da ta ware malamai 3,700 don horarwa, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Ke nan yawancin matasan da ke shiga kwaleji yanzu ba su taɓa zama a ajin tarihi suna yara ba. Mai horar da su zai koya musu abin da za su koyar, ya kuma koya musu yadda ake koyar da shi, duk a lokaci guda.

Abu na farko da gwani a wannan fage yake fahimtar da ɗalibansa shi ne, yaro ba ya jin nisan zamani kamar yadda babba yake ji. A wurinsa zamanin kakarsa da zamanin Sarauniya Amina duk "da can" ne. Rubuta 1804 a allo bai gaya masa komai ba. Saboda haka sai malam ya fitar da ɗalibansa fili, ya ja layi ya ce nan ne yau, kowane taku kuma shekara goma ne. Taku shida da rabi an kai 1960, shekarar samun 'yanci. Taku goma sha ɗaya an kai 1914, lokacin da aka haɗe Arewa da Kudu. Taku ashirin da biyu an kai 1804, farkon jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo. Wanda aka tura ya tsaya a 1463, shekarar da Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano, sai ya yi taku hamsin da shida, har sai an ɗaga murya kafin ya ji kira. Ɗalibin da ya taka wannan fili da ƙafarsa ya samu darasin da zai maimaita wa yara a kowace makarantar ƙauye, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Daga nan sai a koya masa ya fara da abin da yaro ya sani. Darasin tarihi na farko a gida yake: su waye kakanninka, daga ina suka zo, wace sana'a suka yi? Me ya sa ake kiran unguwarku Soron Ɗinki ko Dukawa? Daga gida sai unguwa, sai gari, sai ƙasa. Ƙwararren mai horarwa yana kai ɗalibansa su ga ganuwar Kano da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ko Hubbaren Shehu a Sakkwato. Kafin a tashi ya ba kowa tambayoyi uku da zai nemo amsarsu, bayan an dawo kowa ya tsara darasin minti talatin daga abin da ya gani. Wanda za a tura garin da babu gidan tarihi kuwa, ana nuna masa cewa tsohuwar rijiya, kukar bakin kasuwa, maƙera, da dattijon da ya ga zamanin ahu da sule duk kayan koyarwa ne.

Wurin da gwanintar ta fi bayyana shi ne koya wa malami tambayar nan: ta yaya muka sani? Ɗauki labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Sabon malami yakan faɗa ɗaya daga ramuka biyu, ko ya ba da labarin kamar ya faru a gaban idonsa, ko ya yi watsi da shi ya ce tatsuniya ce. Mai horarwa yana nuna masa hanyar tsakiya. Ka ba da labarin da daɗinsa yadda kakanni suka ba da shi, sannan ka tambayi yara: wa ya faɗa mana wannan? Rijiyar tana nan, to me ganinta ya tabbatar, me kuma bai tabbatar ba? Me ya sa mutane suka riƙe labarin shekaru aru-aru? Yaron da ya saba da irin waɗannan tambayoyi tun yana aji huɗu, da wuya ya girma ya riƙa haɗiye duk abin da aka turo masa a waya.

Akwai kuma darussan da ke buƙatar taka-tsantsan. A aji guda za ka samu ɗan Bahaushe da ɗan Bafillace da ɗan Ibo, Musulmi da Kirista, jikan mai sarauta da jikan talaka. Yaya za a yi maganar jihadi, ko cinikin bayi, ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ba tare da wani yaro ya koma gida yana jin an zagi kakanninsa ba? Nan ne ake koya wa malami ya faɗi abin da ya faru, ya guji kalmomin wulaƙanci, ya nuna cewa kowane ɓangare mutane ne masu iyali da dalilansu, ya kuma iya cewa "masana sun saɓa a kan wannan" ba tare da jin ya gaza ba. Wannan tarbiyya ce, kuma ɗalibi yana ɗaukarta ne daga yadda ya ga malaminsa yana magana.

Ilimin zama ɗan ƙasa ma haka yake. Yana da kyau yaro ya san Nijeriya na da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Amma gwani ba ya barin ɗalibansa su tsaya a haddar lambobi. Yana sa su shirya zaɓen monita: a tsayar da 'yan takara, kowa ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙuri'a a kwali, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Yana sa su zauna da yara su tsara dokokin aji tare, domin dokar da yaro ya sa baki a yinta ya fi kiyaye ta. Yana nuna musu yadda za su haɗa mai unguwa, dagaci da hakimi da yaro ya sani, da kansila da shugaban ƙaramar hukuma da bai sani ba, sannan a tambaya: idan famfon unguwarmu ya lalace, wurin wa za mu je, kuma me ya rataya a wuyanmu mu kanmu?

Duk wannan ba ya zama a jiki sai da gwaji. Ɗalibi yakan fara da koyar da abokan karatunsa na 'yan mintoci, a gyara masa, ya sake. Daga baya a tura shi gwajin koyarwa a makarantar firamare ta gaske, malaminsa ya bi shi ya zauna a bayan aji da biro da takarda. Abin da idon gwani yake kamawa a nan yana da ban sha'awa: ka yi tambaya ba ka jira amsa ba, 'yan gaba kawai kake kira, 'yan mata ba su yi magana ba, ka juya wa yara baya minti biyar kana rubutu, ka ce "mulkin mallaka" ba ka bayyana shi da Hausar da za su gane ba. Sannan ya san yadda zai faɗi waɗannan a keɓe, ya fara da abin da aka yi daidai, don kada ya karya gwiwar mai koyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan ya shafi sabon malami kamar yadda ya shafi yaro.

Malami ɗaya da aka horar da kyau zai koyar da dubban yara kafin ya yi ritaya, kuma a cikinsu ne za a samu masu zaɓe, alƙalai, kansiloli da iyaye. Don haka dawo da tarihi cikin manhaja rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun masu horar da malamai, kuma sun cancanci a ba su abin da aikin yake buƙata: ajujuwa marasa cunkoso, kuɗin kai ɗalibai wuraren tarihi, littattafai, da alawus na bin ɗalibai zuwa gwajin koyarwa a kan lokaci. Iyaye da sarakuna ma suna da nasu rabon, su buɗe wa waɗannan ɗalibai ƙofa idan sun zo neman labarin garinsu.