An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba

A Gummi, ko Anka, ko Bukkuyum, in ka tura kuɗi suka maƙale a hanya, ko ka je gyaran lambar NIN aka ce ka dawo gobe, amsa ɗaya za ka ji: “Netwok ne.” Mai POS zai faɗa maka haka, ma'aikacin banki ma haka. Mu kuma sai mu haƙura, domin mun san rashin netwok na gaske. A watan Satumba na 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Wannan shi ne babu netwok.

Amma in wayarka na nuna sabis cike, WhatsApp na tafiya lafiya lau, kuɗi ne kawai suka ƙi wucewa, to an bar jaki ana dukan taiki. Galibi matsalar tana can nesa, a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke Legas ko Abuja ko ma wata ƙasa. Ɗaya daga cikin lokutan da saba ta fi faɗuwa kuwa shi ne ranar da aka ce za a sabunta manhajarta.

Ƙorafina ba wai don na'ura ta lalace ba ne. Kowace na'ura tana lalacewa. Ƙorafina a kan abu biyu ne: yadda ake sabunta manhaja ba tare da an tanadi hanyar komawa baya ba, da yadda ake rufe mana baki da kalma ɗaya bayan abu ya ɓaci.

Gida ɗaya, 'yan haya goma

A da, kowane aiki da kwamfutarsa: ta albashi daban, ta imel daban, ta bayanan marasa lafiya daban. Yanzu ana sayen ƙatuwar na'ura guda, a saka mata wata manhaja da za ta raba ta gida-gida, kowane kaso ya riƙa aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Fitattun manhajojin da ke wannan rabo su ne ESXi na VMware, da Hyper-V na Microsoft, da Proxmox. Mu kira na'urar “mai masauki”, ƙananan kwamfutocin da ke cikinta kuma “'yan haya”.

Dabarar tana rage kuɗin na'ura da na wuta. Amma ka san gidan haya: in rufin ɗaki ɗaya ya yi yoyo, mutum ɗaya ne zai kwana a jiƙe, in katangar gidan ta rushe, kowa ya shiga uku. Sabunta mai masauki kamar gyaran ginshiƙin gida ne alhali mutane na ciki.

Me ke sa irin wannan gyara ya ci tura? Dalilan sanannu ne. Na farko, direba, wato ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin na'ura da sassanta. Da ESXi 7 ya fito a 2020, an cire tsofaffin direbobi da yawa, sai wasu na'urori suka daina ganin katin netwok ɗinsu ko faifan ajiyarsu. Na biyu, sauyin suna. A Proxmox, sabuntawa kan iya canza sunan katin netwok, sai na'urar ta tashi garau amma ba mai iya isa gare ta, saboda saitin yana kiran katin da tsohon sunansa. Na uku, ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, abin da ba sai an yi wa ɗan Nijeriya bayani ba. Na huɗu, ita kanta sabuwar manhajar ta zo da cuta. A watan Nuwamba na 2021 sai da VMware ya janye wani sabon zubi na ESXi 7 daga shafinsa bayan ya riƙa kayar da na'urorin mutane.

Yadda ake neman cuta

Mai gyara nagari ba ya farawa da kashe-kunna. Tambayarsa ta farko ita ce: me aka taɓa na ƙarshe? Ruwa ba ya tsami banza. Na'urar da ta shekara tana aiki ta faɗi yau, duba abin da aka canza jiya.

Daga nan sai ya hau tsani daga ƙasa. Wuta tana shiga? Mai masauki ya tashi? In ya tashi, yana ganin katin netwok da faifan ajiya? 'Yan haya sun tashi? Manhajar da ke cikinsu tana amsawa? Matakin da amsa ta fara zama “a'a”, nan cutar take. Sannan ya buɗe kundin da na'urar ke rubuta duk abin da ya faru da ita, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kuma abu ɗaya yake canzawa a lokaci ɗaya, domin in ka canza biyar aiki ya tashi, ba ka san wanne ne maganin ba, gobe ma za ka sake faɗawa.

In jama'a na jira, ba a tsayawa dogon bincike: a koma baya tukuna, a yi binciken daga baya. Masu ƙera waɗannan manhajoji sun tanadi haka. ESXi yana ajiye tsohon zubinsa a gefe, in ka danna Shift da R lokacin da na'urar ke tashi sai ya ba ka damar komawa. Proxmox ma yana barin tsohuwar zuciyar manhajarsa a jerin zaɓin tashi. Amma wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai ga wanda ya san da ita, kuma ya gwada ta kafin ranar. Haka kwafin ajiya: wanda aka bari a kan faifan da ya mutu, ko wanda ba a taɓa gwada dawo da shi ba, sunansa fata nagari.

To, da wannan ma'auni, mu auna bayanai uku da aka yi wa jama'a bayan manyan na'urori sun ci tura. Ba duka ne na mai masauki ba, amma cutar iri ɗaya ce.

INEC: bayani mai kyau, amma ya makara

Ba maganar wa ya ci wa ya faɗi nake ba. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin IReV, na shugaban ƙasa ya ƙi. Washegari hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce da ta shafi faɗaɗa shafin daga zaɓen jihohi zuwa na ƙasa baki ɗaya. Cikakken bayani bai zo ba sai a rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024.

A rahoton, INEC ta ce sabar ta riƙa mayar da kuskure mai lamba 500. Ga wanda ya san harkar, wannan lamba shaida ce babba. Ma'anarta saƙo ya isa wurin saba, ita ce ta kasa sarrafa shi. Wato netwok ya yi aikinsa. Dalilin da aka bayar shi ne an tsara ma'ajiyar jiha-jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi. Bayan gyaran gaggawa, sakamakon farko ya hau da ƙarfe 8:55 na dare.

A matsayin bincike, bayanin ya bi tsani yadda ya kamata. Amma yana tona wani asiri: an shiga babban zaɓe da manhajar da gwajinta bai kama kuskuren da ya shafi zaɓe mafi girma a ranar ba. Sannan shekara guda ta yi yawa. Kafin bayani ya iso, kowa ya riga ya yanke hukuncinsa.

JAMB: an amsa laifi, an bar tambaya

A 2025, da sakamakon jarrabawar UTME ya fito, sama da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. Iyaye da ɗalibai suka yi ca. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya ce kuskure ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157: 65 a Legas, 92 a jihohin kudu maso gabas. Abin da ya faru, in ji hukumar, an tura gyaran manhaja, amma ma'aikatan ɗaya daga cikin kamfanonin da ke mata aiki ba su saka shi a wasu sabobin ba.

A yaba inda ya dace. An faɗi adadi, an faɗi wuri, an faɗi dalili, cikin kwanaki kaɗan. Ba a saba ganin haka daga hukuma a ƙasar nan ba.

Amma “wani ya manta” ba ƙarshen bincike ba ne, farkonsa ne. Ɗan Adam zai manta, wannan sananne ne. Tambayar ita ce, me ya sa tsarin ya bar saba mai tsohuwar manhaja ta ci gaba da aiki? Abu ne mai sauƙi a sa kowace saba ta bayyana lambar zubinta kafin a buɗe mata jarrabawa, wadda ba ta dace ba a ƙi ta. Kuma me ya sa sai da jama'a suka yi kuka aka gano? Cibiyoyi 157 su faɗi ƙasa lokaci guda, ai alƙaluma kaɗai sun isa su yi ihu kafin a saki sakamako. Sannan aka fara sake jarrabawar ranar 16 ga Mayu, kwana biyu kacal bayan sanarwa. Ɗaliban Zamfara ba sa cikin waɗanda abin ya shafa a wannan karo, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

CrowdStrike: gyaran minti 78, wahalar kwanaki

Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya tura wani ɗan sabuntawa ga abokan cinikinsa. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Kamfanin ya janye abin cikin minti 78, amma na'urar da ta riga ta faɗi ba ta iya karɓar gyara ta intanet, sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Babban laifin shi ne an tura wa kowa lokaci guda. Mai dafa abincin biki ma sai ta ɗanɗana kafin ta zuba wa jama'a. Ta fuskar bayani kuwa, kamfanin ya fitar da rahoton farko cikin kwana biyar, cikakken ya biyo baya ranar 6 ga Agusta, tare da alkawarin daga yanzu zai riƙa turawa kashi-kashi. Cikin ukun, wannan ne ya fi fayyace abin da za a canza don kada a maimaita.

Me ya shafe mu a yammacin Zamfara?

Darasin CrowdStrike ya fi shafarmu. A Legas, in saba ta ƙi tashi, injiniya zai hau mota ya iso kafin azahar. A nan fa? Wanda ya san hanyar Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas ya san ba tafiyar da ake yi da ka ba ce a 'yan shekarun nan. Duk wanda zai ajiye mai masauki a asibiti, ko cibiyar jarrabawa, ko sakatariyar ƙaramar hukuma a wannan yanki, ya tsara aikinsa da zaton cewa ranar da abu zai ɓaci, ba mai iya zuwa.

Wannan na nufin kada a sabunta na'ura daga Gusau ko Abuja sai akwai wani a gabanta da ya iya mayar da ita baya. A horar da ɗan gari, a rubuta masa matakan a takarda, da Hausa, a manna a bango. A tabbatar batir da sola za su riƙe har a gama. Kwafin ajiya ya zauna a wata na'ura daban. In masu masauki biyu ne, a kwashe 'yan haya zuwa ɗaya, a gyara ɗayan, a ga kamun ludayinsa kwana biyu. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ba ranar biyan albashi ba, ba makon jarrabawa ba, ba jajibirin Sallah ba.

Wani zai ce, to ai gara a bar na'urar yadda take, tunda tana aiki. Wannan ma ramin kansa ne. A Fabrairun 2023 wasu ɓarayin intanet suka kulle dubban sabobin ESXi a duniya da manhajar da aka yi wa laƙabi da ESXiArgs, suna neman kuɗin fansa, kuma waɗanda suka faɗa hannunsu galibi tsofaffin zubi ne da aka daɗe ba a sabunta ba. Kalmar “kuɗin fansa” ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Sabuntawa dole ne. Ganganci ne ba dole ba.

Mu kuma da muke tsaye a layi, muna da haƙƙin tambaya. Banki ko hukumar da na'urarta ta tsayar da mu kwana uku, ta faɗa mana abu huɗu: me aka canza, me ya lalace, me ya hana a koma baya nan take, kuma me aka yi don kada a sake. Mai POS ba shi da waɗannan amsoshi, kada mu huce a kansa. Amma akwai wanda ke da su, a wani ofishi mai sanyi. Muddin “netwok ne” na gamsar da mu, ba abin da zai sa ya buɗe baki.