Sharhi a kan Littafin George Homans Game da Manoman Ingila na Ƙarni na 13

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna hujjojin da George Homans ya kafa a littafinsa mai suna English Villagers of the Thirteenth Century, wanda aka buga a 1941. Homans ya bi shekarar manomi daki-daki, tun daga 29 ga Satumba, ranar da ake rufe lissafin gandu a biya kuɗin ƙasa, zuwa Kirsimeti da Ista, har 1 ga Agusta, lokacin da girbi ke kankama. A wurare da dama talaka yakan kai wa mai gandu kaza da Kirsimeti, ƙwai da Ista, shi kuwa mai gandu ya ciyar da waɗanda suka fito aikin girbinsa. Daga nan ne Homans ya hango zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin ubangida da talakawansa.

Abin tambaya shi ne, daga bakin wa aka ji wannan labari? Madogarar Homans ita ce kundayen al'adun gandu da takardun kotunan gandu, waɗanda magatakardan ubangida suka rubuta da Latin, harshen da manomi ba ya ji. Kotun kan zauna bayan kowane mako uku, wakilin ubangida ke shugabantarta, tarar da aka ci kuma aljihun ubangida take shiga. Kazar nan ta Kirsimeti ba gaisuwar ganin dama ba ce, wajibi ce rubutacciya. Haka nan idan talaka ya mutu akan karɓi dabbarsa mafi kyau, idan zai aurar da 'yarsa sai ya biya kuɗin izini. Wanda ba ɗa ba ne kuwa, ba shi da ikon kai ubangidansa ƙara kotun sarki a kan gonar da yake nomawa.

Su kansu takardun cike suke da sunayen waɗanda aka ci tara saboda ƙin fita aikin gandu. Rodney Hilton, a littafinsa Bond Men Made Free na 1973, ya ɗauki irin wannan a matsayin alamar turjiya. Tawayen 1381 ya ƙarfafa ra'ayinsa, domin a ƙauyuka masu yawa takardun kotunan gandu ne manoma suka cinna wa wuta. Mutum ba ya ƙona abin da yake ganin garkuwarsa ce.

Duk da haka, ba za a ƙi yaba wa Homans ba. Ya nuna cewa manoman ne da kansu ke zaman shaidar al'ada a kotu, kuma al'adar takan taka wa ubangida birki in ya so ƙara haraji. Rauninsa shi ne ya ɗauki abin da aka rubuta a matsayin abin da aka yarda da shi. Wajibin mai nazari ne, duk inda ya ga kundin haraji, ya fara tambayar wanda ya riƙe alƙalami da wanda ya biya.